Kumburin Mai Ciki da Haƙƙin Wanda Ya Gani

A ɗakin awon ciki, kafin a ɗaura wa mace abin awon jini a damtse, ma'aikaciyar jinya kan sunkuya ta ɗora babban yatsanta a ƙwaurin mai cikin, daidai inda ƙashi ya fi kusa da fata. Sai ta danna, ta ɗan jira, ta ɗaga. In fatar ta taso nan take, shi ke nan. In kuwa yatsan ya bar gurbi kamar an danna malmalar tuwon da ba ta huce ba, za ta ɗago ta dubi fuskar matar da kyau, ta tambaye ta ko kanta na ciwo, ko tana gani dishi-dishi, ko zobenta ya ƙi fita.

Wannan gwaji ba ya cin ko sisi, ba ya jiran wutar lantarki, kuma duk wanda ke kwana gida ɗaya da matar zai iya yinsa. Nan ne kumburi ya bambanta da yawancin cututtukan da ke kashe mutane. Hawan jini kan yi shekaru a jikin mutum bai sani ba. Kumburi kuwa ba ya ɓuya. Takalmi ya daina shiga, fatar ido ta yi nauyi da safe, awarwaro ya kama hannu. Miji ya gani, uwar miji ta gani, har maƙwabciyar da ta leƙo aron rariya ta gani. Saboda haka in abin ya ƙare da makara da likkafani, akwai tambayar da ba likita ne zai amsa ta ba: waɗanda suka gani suka yi shiru, mene ne matsayinsu a wurin Allah? Kalmar ƙaddara ta rufe maganar, ko akwai saura?

Kafin a je ga malamai, ya kamata a san abin da ke faruwa a cikin jiki. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne. A cikin siraran jijiyoyin da ido ba ya iya gani, bugun zuciya na tura ruwan yana tsattsafowa waje, wani sinadari mai suna albumin, wanda hanta ke sarrafawa, yana riƙe shi a ciki, abin da ya tsallake kuma wasu hanyoyi na daban su kwashe shi su mayar cikin jini. Wani masani ɗan Ingila, Ernest Starling, shi ya fayyace wannan ja-in-ja a 1896. Muddin ɓangarorin sun daidaita, mutum ba ya ma sanin ana yi. Amma da zarar zuciya ta raunana jini ya riƙa taruwa a baya, ko ƙoda ta fara zubar da albumin cikin fitsari tana riƙe gishiri, ko hanta ta lalace, ko abinci mai gina jiki ya yi ƙaranci ƙwarai, sai ruwa ya kwanta inda ba wurinsa ba. Nauyi ke jan sa ƙasa, shi ya sa ƙafa ke fara nunawa. Kuma baligi kan tara kusan lita uku kafin ido ya lura. Ranar da aka ga kumburin, ba ranar abin ya soma ba.

Dole a yi wa tsofaffin mata adalci a nan. In suka dubi ƙafar yarinya suka ce, "Ciki ne, in kin sauka zai saɓe," a mafi yawan lokuta gaskiya suka faɗa. Jinin mai ciki kan ƙaru da kusan rabi, mahaifa kuma tana danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafafu, don haka mafi yawan masu ciki sukan ga idon sawunsu ya cika a watannin ƙarshe, musamman da yamma, musamman da bazara. In ta kwanta ta ɗaga ƙafa, kafin asuba ya ragu. Doguwar tsayuwa kaɗai ma tana kawo shi ga lafiyayye. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ƙafafun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun kasance suna kumbura saboda tsayuwar dare. Haɗarin yana cikin wannan gaskiyar ne. Wadda ta ga kumburi sau tara ya wuce lafiya, da wuya ta tsorata da na goma.

Na goman yana da kamanninsa. Yakan zo farat ɗaya, ya hau fuska da hannaye, kuma barci ba ya rage shi. Yakan zo da ciwon kai mai naci, da ganin walƙiya ko duhu-duhu, da zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. In aka auna jini bayan mako 20 na ciki aka samu ya kai 140 bisa 90, aka kuma ga sinadarin gina jiki a fitsari, to matar ta shiga matakin da ke gabanin jijjiga. Tushen ciwon yana mabiyiya, wadda jijiyoyinta ba su kafu da kyau ba tun farkon ciki, shi ya sa ba ya yankewa sai an raba uwa da cikin. Likitoci yanzu ba sa dogara da kumburi wajen tabbatar da shi, domin akwai mai ciwon da ba ta kumbura. Amma a gidan da babu abin awon jini, kumburin ne abin da ido zai iya kamawa.

Kuma ciwon ya fi kama mai cikin fari, wadda ita ce al'ada ta fi ɗaure wa harshe. Yarinyar da ke kunyar a ce tana da ciki, wadda ba za ta iya ɗaga ido ta dubi surukarta ba, ta yaya za ta ce, "Inna, kaina kamar zai tsage"? Sai ta ɗaure kai da ɗankwali ta ci gaba da daka. Ranar da ta faɗi tana karkarwa, ta ciji harshe, idanu suka kafe, abin da ake fara cewa shi ne iska ce. A kawo hayaƙi, a nemo mai ruƙiyya, a ɗura mata rubutu alhali ba ta cikin hayyacinta, wanda kan iya wucewa huhu. Addu'a ba laifi ba ce, babu Musulmin da zai ce haka. Laifin yana cikin sa'o'in da suka tafi kafin a nemi mota.

Akwai kuma kumburin da ke zuwa bayan an sauka lafiya, an yi suna, an watse. Wannan kuwa ƙasar Hausa ta san shi fiye da kusan ko'ina a duniya. A farkon shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza a kusa da haihuwa, suka buga sakamakon a 1978. Labarin matan kusan iri ɗaya ne: makonni kaɗan bayan haihuwa ƙafa ta kumbura, ciki ya cika, numfashi ya yi wuya, mace ta kasa kwanciya sai a jingine. Likitocin sun ɗora zargi a kan al'adun jego, wato wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa, wadda ke ɗauke da irin sinadarin da ke cikin gishiri, mai sa jiki riƙe ruwa.

Shekara arba'in bayan haka maganar ta ɗan sauya. Wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya, wanda aka buga a 2020, ya tabbatar da cewa ciwon na nan da yawansa a Arewa maso Yamma, mace ɗaya cikin kowace 96 da ta haihu, amma bai samu hujjar cewa wankan jego ko kunun kanwa ne ke haddasa shi ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin ilimin boko, da rashin sana'a, da hawan jinin ciki da ya gabata. A Yamai kuma, tun farkon shekarun 1990, likitoci sun ga ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jinin irin waɗannan mata. Don haka ba daidai ba ne a tara laifin duka a ɗora wa kakanni da tukunyar wankansu. Talauci ya fi su hannu a ciki. Sai dai macen da ta riga ta kumbura tana haki, kowane kofin kunun kanwa ƙarin kaya ne a kan zuciyar da ta gaji. In kuma aka fassara kumburin da cewa jego ne ya karɓe ta har ta yi ƙiba, ko aka ce sanyi ne ya shige ta a ƙara wuta, to masu son ta ne da kansu ke jinkirta cetonta.

In ta cika, an san abin da za a faɗa a zaure da cikin gida. Allah ya jiƙanta. Kwana ne ya ƙare. Sai haƙuri, Malam, ai ta yi shahada. Babu ƙarya a cikin ko ɗaya. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Sakkwato har Damagaram, akwai hadisin da ya lissafa waɗanda ke samun darajar shahada ba a fagen fama ba. Macen da ta rasu ta dalilin ciki tana cikinsu, haka ma wanda ciwon ciki ya kashe, wanda wasu masu sharhi suka ce ya haɗa da mai taruwar ruwa a ciki. Wannan bushara ce ta gaske. Uwar da ta rasa 'yarta mai shekara goma sha bakwai tana da haƙƙin ta riƙe ta, kuma duk wanda zai ƙwace mata ita da sunan wayewa bai san zafin rashi ba.

Amma a ci gaba da duba jerin. Akwai wanda gini ya rufta wa, akwai wanda ruwa ya ci. Ba a taɓa jin malamin da ya ce tunda wanda gini ya danne shahidi ne, to maginin da ya ha'inci siminti ya kuɓuta ba. Haka ba a taɓa jin wanda ya ce tunda fasinjojin da suka nutse a kogin Kwara shahidai ne, mai jirgin da ya loda mutum ɗari a kwalekwalen hamsin ba shi da tambaya ba. Darajar mamaci lissafinta daban, alhakin mai rai lissafinsa daban, kuma ba a biyan bashin wannan da ladan wancan. Abin da ke faruwa a gidajen makoki da yawa shi ne an haɗe lissafin biyu ba tare da an lura ba. Ana faɗin shahadarta, mai saurare yana jin an wanke shi.

Za a ce, ai ko an kai ta asibiti, in wa'adi ya yi sai ta tafi. Haka ne. Aƙidar Ahlus Sunna ita ce ajali ba ya gaba ba ya baya, har malaman tauhidi na Ash'ariyya suka bayyana cewa wanda aka kashe ma da ajalinsa ya mutu. To amma waɗannan malamai ba su ce a saki makashin ba. Shari'a ta tanadi ƙisasi ga mai ganganci, ta tanadi diyya da kaffara ga mai kuskure, duk da cewa ranar mutuwar a rubuce take. Ba a ɗora wa ɗan Adam sanin abin da ke Lauhul Mahfuzu ba, abin da ke gabansa aka ɗora masa. Mijin da ke kallon fuskar matarsa ta cika bai san ranar ajalinta ba. Ya dai san fuskar ta cika.

Sayyidina Umar ya fuskanci wannan tambayar da kansa. Wajen shekara ta 18 bayan Hijira, yana kan hanyar Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarg, sai aka tarye shi da labarin annobar da tarihi ya sani da annobar Amwas. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ra'ayi ya rabu, a ƙarshe ya yanke a koma Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrah, wanda ba a shakkar imaninsa, ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma a cikin ƙaddarar take, ya buga masa misali da mai raƙuman da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe. Duk gefen da ya kora su, da ƙaddara ya kora, amma ba wanda zai ce zaɓin nasa banza ne. Umar bai rage wa ƙaddara komai ba. A fahimtarsa, motar da aka nemo tsakar dare da allurar da aka yi a kan lokaci su ma ƙaddara ce.

Wasu kan toshe bakin mai tambaya da hadisin da ya hana mutum cizon yatsa a kan abin da ya riga ya wuce. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Sahihu Muslim. Sai dai farkonsa umarni ne da kwaɗayin abin da zai amfani mutum, da neman taimakon Allah, da hani ga kasala. Ya zo ne don kada baƙin ciki ya cinye wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa abin ya kuɓuce masa. Bai zo don ya hana dangi zama su tambayi kansu me ya faru ba, alhali ƙanwar mamaciyar na ɗaki da cikin wata bakwai.

Hujja mafi ƙarfi ga masu ganin barin magani ya fi ita ce ta Imrana ɗan Husaini, sahabin da ya zauna Basra ya rasu a shekara ta 52 bayan Hijira. An ruwaito cewa ruwa ya taru a cikinsa har shekara talatin, kuma Imamu Gazali ya kawo labarinsa a Ihya'u a matsayin misalin yarda da hukuncin Allah. Muslim ya ruwaito cewa an kasance ana yi masa sallama, malamai suka ce mala'iku ne, har sai da aka ƙona masa fata da ƙarfe don magani, sai sallamar ta ɗauke, da ya bari kuma ta dawo. Wannan matsayi ne babba, mai hankali ba ya raina shi.

Sai dai Imrana da jikinsa ya yi haƙuri, da bakinsa ya zaɓa, kuma maganin da ya bari magani ne da Annabi da kansa bai so ba. Gazalin da ya yaba masa shi ne kuma ya kasa sabubban kawar da cuta kashi uku: wanda aka tabbatar, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda ake kyautata wa zato, kamar ƙaho da magungunan likitocin zamaninsa, da wanda ake rayawa kawai, inda ya sanya ƙuna da ƙarfe. Ya ce barin kashin farko ba tawakkali ba ne, haramun ne ma in ana tsoron halaka. Saɓanin magabata a kan ko barin magani ya fi ya taso ne a zamanin da likitanci yawancinsa kirdado ne. Abin tambaya yau shi ne a wane kashi maganin jijjiga ya faɗa.

A 2002 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashe 33 a kan mata sama da 10,000 masu hawan jinin ciki, aka ga allurar magniziyom salfet ta rage faɗawa jijjiga da fiye da rabi. Allura ce mai arha. A 2008 aka shigar da ita asibitocin gwamnati goma a jihar Kano tare da horar da ma'aikata, sai mutuwar masu wannan ciwo a asibitocin ta sauko daga kashi 20.9 cikin 100 zuwa kashi 2.3. Tun kafin nan, a 1992, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, ta zauna a Jidda ta yanke cewa neman magani na zama wajibi in barinsa zai kai ga halaka, ko rasa wata gaɓa, ko nakasa. Ga mai ciki kuwa, rai biyu ake magana.

Babban bambancin dai shi ne ba ita ke zaɓa ba. Imrana ya ce a bar shi. Yarinyar da ke ɗakin surukarta ba a tambaye ta ba. Mutum na iya neman lada da haƙuri a kan ciwonsa, amma ba shi da ikon neman lada da ciwon wani, kuma abin da ake kira haƙuri a irin wannan hali sunansa na gaskiya sakaci. Jinkirin farko a tsakar gida yake faruwa, sau da yawa kuma da kalmar "maigida ba ya nan". Ya tafi ci-rani, ya tafi kasuwar ƙauye, wayarsa ba ta shiga. Babu mazhabar da ta ce a jira izini har rai ya fita. Lalura tana ɗauke irin wannan sharaɗi. Shi ya sa wasu shirye-shiryen lafiya a Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe suka riƙa roƙon maza su ba da izini tun farkon ciki, suka kuma haɗa kai da direbobin tasha don ɗaukar gaggawa. Magana ce da ba ta cin minti ɗaya: "Inna, ko ba na nan, in kun ga wani abu ku kai ta."

Akwai wani wuri a littattafan fiƙihu da ya kamata malamai su yi magana a kansa a fili, domin wasu maza na fakewa da shi. Zance mafi shahara a mazhabobi huɗu shi ne kuɗin magani da ladan likita ba sa cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji. Muhtasar na Halil ma haka ya tafi, ko da yake ya ɗora wa miji ladan ungozoma. Amma tun a cikin Malikiyya akwai Ibnu Abdil Hakam da ya ce maganin ma na kan miji. A wannan zamani kuma Shaihu Wahba Zuhaili na Siriya ya yi bayanin cewa magabata sun gina hukuncinsu ne a kan al'adar lokacinsu, yanzu kuwa buƙatar magani ta zama kamar ta abinci ko ta fi. Ko da an bar wannan saɓani gefe, ciwon da ake magana a kansa ciki ne ya kawo shi, cikin kuma na mijin ne. Wanda aka wajabta wa biyan ungozoma don ɗansa ya fito lafiya, da wuya a fahimci yadda za a ce awon jinin da zai tsare uwar da ɗan babu ruwansa da shi.

Ba kowane miji ne mai sakaci ba, kuma zalunci ne a yi magana kamar haka ne. Akwai wanda ya gani, ya tsorata, ya sayar da akuya, ya ɗauko ta a babur, ya tarar da asibitin ƙauyen a kulle. Akwai ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato inda fita da dare ya zama sayar da rai saboda 'yan bindiga. Akwai matar da ta je awo sau ɗaya aka daka mata tsawa a gaban jama'a, ta rantse ba ta komawa. A irin wannan hali alhakin bai ɓace ba, hawa ya yi zuwa wuyan da ya fi ƙarfin ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya bisa huɗu na duniya baki ɗaya, kuma hawan jinin ciki na cikin manyan dalilai. Mai riƙe da dukiyar jama'a shi ma ya gani, domin rahotannin na kan teburinsa. Malamai sun daɗe da sanya likitanci cikin farillan da in wasu suka tsaya da su sun ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya riƙe Sakkwato daga 1817 zuwa 1837, yana tsakiyar yaƙe-yaƙe ya zauna ya rubuta littattafan magani, har da na ciwon ido da na basur.

Saura waɗanda suka rayu. A cikin matan da binciken Farfesa Karaye ya ci gaba da bibiya na kimanin shekara ɗaya da rabi, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu, kuma ƙasa da kashi ɗaya bisa huɗu ne zuciyarsu ta koma daidai. Ragowar suna nan a gidajensu, suna shan ƙwayar fitar da ruwa, suna rage gishiri, kumburi na tafiya yana dawowa. Ga irin wannan mace, sabon ciki kafin zuciya ta warke na iya zama sanadin tafiyarta, kuma likita zai faɗa mata haka ƙarara. Sai maganar ta koma gida, inda ake jiran ƙanin jaririn, inda dangin miji ke ƙirga 'ya'yan kishiya.

Fiƙihu bai bar ta a duhu ba. Ita dai waccan Majalisar Fiƙihu, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta wa ma'aurata tazarar haihuwa ta wani lokaci in akwai buƙatar da shari'a ta yarda da ita, bisa shawara da yardar juna, ta kuma hana yanke haihuwa baki ɗaya sai in lalura ta tilasta. Amma mijin da likita ya gaya wa wannan magana ba Jidda ko Kuwait zai tafi ba. Zai jira a idar da sallar Magariba ne, ya matsa kusa da limamin unguwa, ya rage murya ya ce, "Allah gafarta malam, likita ya ce kada iyalina ta sake ɗaukar ciki yanzu." Limamin na iya tambayarsa me likitan ya gani, ya ce masa ya bi maganar masana, ya kuma ɗauki nauyin yi wa mahaifiyarsa bayani da kansa. Yana kuma iya ce masa haihuwa da mutuwa duk na Allah ne, ya naɗe buzunsa ya tashi. Wannan jumlar ma gaskiya ce, kuma mijin zai koma gida da ita a matsayin fatawa.